Idan malami ya cuce ka da sunan Allah, wa za ka kai wa kuka?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce sai na kawo ta zauren nan. Muna magana kan zaluncin 'yan siyasa, muna magana kan mazan da ke dukan matansu, amma zaluncin da ake yi da rigar addini kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Ina nufin inda malami, ko mai ruƙiyya, ko shugaban ƙungiya, ko fasto, zai riƙe mutum da tsoron Allah ya juya shi yadda ya ga dama. A ce maka in ka bar majalisin wane ka halaka. In ka yi tambaya a ce imaninka ne ya yi rauni. In ka faɗi abin da aka yi maka a ce ka ci naman malami. Tambayata biyu ce: ina iyakar girmama malami? Sannan wanda aka cuta, in ya fito ya faɗa, giba ya yi? Don Allah kada a kama sunan kowa.

DanRigasa:
Wa alaikumus salam. Anti, mu mutanen Rigasa a nan Kaduna ba labari aka ba mu ba. Ƙarshen watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwarmu suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu an ɗaure su da ƙarfen tayar mota, bayansu duk tabon bulala. Har da 'yan ƙasashen waje irin su Mali da Burkina Faso. Aka kwashe su zuwa filin wasa, daga baya aka mayar da su sansanin alhazai na Mando. Cikin Oktoba aka sake buɗe wani gidan a Rigasar dai, aka fitar da mutum 147, har da mata. A watannin nan abin ya yi ta fashewa: Daura, Zariya, Ilori, Badun.

Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne, iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, suna biyan kuɗi. Kuma da kunnena na ji wasu suna cewa gwamnati ta shiga abin da babu ruwanta, gyara ake yi wa kangararru. Da a ce wani ɗan kasuwa ne ya kulle yara haka a shagonsa, da tuni an ƙone shagon. Allo da aka gani a ƙofar gidan shi ya rufe mana baki.

Abu_Hafsa:
Ni gaskiya irin wannan muhawara ba ta kwanta mini. Malamai su ne magada annabawa, kuma magabata sun ce naman malamai guba ne. Yau ka buɗe wannan ƙofa, gobe kowane ɗan iska da malami ya tsawata wa zai fito ya ce an zalunce shi. Ga maƙiya addini suna jira su samu abin yaɗawa. Ɓata-gari akwai su, ban musa ba, amma 'yan ƙalilan ne. A yi musu nasiha a ɓoye, a rufa asiri.

Fati_TudunWada:
@Abu_Hafsa asirin wa za a rufa? Na wanda ya yi ko na wadda aka yi wa?

Malam_Na_Kawo:
Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne, don haka maganar nan ta shafe ni kai tsaye, kuma ba na jin an taɓa mutuncina da aka kawo ta. Malam Abu Hafsa, niyyarka kyakkyawa ce, amma bari mu ajiye komai a mazauninsa.

Allah da kansa ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 148 ba ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Wato wanda aka zalunta an ba shi izinin ya faɗa. Imamun Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai kai ƙara wurin mai iko, da neman taimako don kawar da ɓarna, da neman fatawa, da gargaɗin Musulmi daga sharrin wani. Hindu 'yar Utba ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta. Bai ce mata ta yi giba ba, fatawa ya ba ta.

Maganar naman malamai kuma, ana nufin mai yi musu ƙarya da mai tozarta su don son zuciya. Ba katanga ba ce da mai laifi zai fake a bayanta. Alƙur'ani ne ya fara tona asirin shugabannin addini masu cin dukiyar mutane da ɓarna, duba Suratut Tauba aya ta 34. A aya ta 31 kuma ya zargi waɗanda suka riƙi malamansu iyayengiji. Da Adiyyu ɗan Hatim ya ce ai ba mu bauta musu ba, sai Annabi (SAW) ya nuna masa cewa bin su da suka yi wajen halatta haram da haramta halal, ita ce bautar. To, Hajiya Ummu Khalil, ga iyakar da kike tambaya. Ka girmama malami, ka gaishe shi, ka ɗauki jakarsa. Ranar da ya umarce ka da saɓon Allah, ko ya ce maganarsa ba a bincikenta, biyayya ta ƙare. Imamu Malik ya ce kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa, in ban da ma'abocin wannan kabari, yana nuna kabarin Manzon Allah (SAW). In Malik ya faɗi haka a kan kansa, wane ne ni?

Sadiq_Kabala:
Allah ya saka da alheri, Allah gafarta malam. Da haka ake karantar da mu tun muna yara da an rage ɓarna.

Admin:
Wata 'yar uwa ta turo mini wannan ta akwatin sirri, ta ce in sa ba tare da sunanta ba. Ga shi yadda ta rubuto:

"Bayan haihuwata ta biyu na shiga wani hali. Ba na barci, ina kuka ba dalili, ina jin tsoron ɗaukar jaririna. Aka ce shafar aljanu ce, aka kai ni wurin wani mai ruƙiyya da ake ji da shi. Ya ce jinnul ashiƙ ne, aljani ne ya aure ni. Da farko a gaban mahaifiyata yake karatun. Daga baya ya ce aljanin mai taurin kai ne, ba zai yi magana a gaban mutane ba, sai an bar mu mu biyu. Ya rufe ni da hayaƙi har numfashina yana ɗaukewa, ya dake ni a tafin ƙafa da gadon baya yana cewa ba ni yake duka ba. Sauran abin da ya yi ba zan iya rubutawa ba.

Na gaya wa mahaifiyata. Ta je ta same shi tana rawar jiki. Ya ce mata, Hajiya ai na gaya muku, wannan ba 'yarki ce take magana ba, aljanin ne yake so ya raba ta da magani. Ta dawo ta ce in yi istigfari. Wallahi wannan ya fi abin da ya yi mini ciwo. Daga ranar duk abin da na faɗa a gidanmu ba nawa ba ne, na aljani ne. In na yi kuka aljani, in na ƙi komawa aljani.

Abin da nake so 'yan zaure su sani shi ne abin da ya biyo baya. Na daina iya sauraren karatun Alƙur'ani. In aka kunna Suratul Baƙara a gida sai jikina ya ɗauki ɓari, in ji warin hayaƙin nan a hancina. Su kuma sai su ce kun gani ko, aljanin ne ba ya son karatu. Na daɗe ina tsayuwa a kan sallaya ina motsa baki kawai, zuciyata ba ta wurin, ina ganin Allah ya yi fushi da ni tunda bawansa na zarga. Mutumin nan jikina ya taɓa, amma abin da ya ƙwace mini sallata ce. Yayar mijina ce ta kai ni asibiti a ɓoye. Yanzu alhamdu lillahi ina samun sauƙi, amma har yau yana nan yana karɓar mata."

Fati_TudunWada:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar uwa, mun yarda da ke. Ba ki yi laifin komai ba.

Maman_Ilham:
Na karanta hawaye na zuba. Allah ya isar miki, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Nas_Hauwa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ce wani abu a kan saƙon da Admin ya sa. Alamomin da ta fara lissafawa, rashin barci da kuka da tsoron jariri, sun yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Sananne ne, mata da yawa suna shiga, kuma yana da magani. Ɓarin jikin da take yi in ta ji karatu kuwa, haka ƙwaƙwalwa take yi wa wanda ya shiga tashin hankali mai tsanani: tana haɗa abin da ya faru da sauti ko warin da ke wurin a lokacin. Wanda ya tsira daga hatsarin mota, ƙarar birki kaɗai tana iya sa shi zufa. Ita karatu ake yi lokacin da ake cutar da ita. Ba ƙin Alƙur'ani ba ne, kuma ba raunin imani ba ne.

Ban ce babu aljanu ba, ni Musulma ce. Amma ina ganin masu farfaɗiya da masu taɓin hankali da ake kawowa bayan an daɗe ana yawo da su, da tabon mari a idon sawu, ciwon ya riga ya yi nisa. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, ba sai wanda ya fita tsirara ake kaiwa can ba. A Janairun 2023 ma aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, don kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Wadda kuma aka yi wa fyaɗe, akwai cibiyoyin Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da kuma Zariya da Kafanchan. A yi ƙoƙari a je kafin awa 72 su cika, saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki.

Saratu_Narayi:
Salama a gare ku. Ni Kirista ce, kuma ina so ku sani ba ku kaɗai ba ne. Abin da kuke ce wa naman malamai guba, mu namu shi ne Zabura 105 aya 15, kada ku taɓa shafaffuna. Da ita ake rufe bakin kowa.

Mamata ta bar majami'ar da aka haife mu a ciki ta koma wata sabuwa, inda mai wurin yake cewa Ubangiji yana yi masa magana kai tsaye. Kuɗin sallamarta na aiki, da ta yi shekaru tana jira, ta kai masa da sunan shuka iri. Ya ce ta ajiye maganin hawan jini, wai shan magani rashin bangaskiya ne. Da na yi magana ya tsaya a gaban jama'a ya ce an nuna masa akwai mayya a gidanmu, 'yar fari. Ni ce 'yar fari. Mamata da ta goya ni ta daina cin abincin da na dafa. Sai da ta faɗi, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, sannan 'yan wurin suka ɗauke ƙafa. Fastocinmu na tsohuwar majami'a su suka zo asibiti.

Kuma Littafi Mai Tsarki bai yi shiru ba. Matiyu 7 aya 15 ya gargaɗe mu kan annabawan ƙarya masu zuwa da kamannin tumaki, Ezekiyel sura 34 kuma ta fara ne da kuka a kan makiyayan da ke kiwon kansu su bar garke. Ku tuna binciken da BBC ta fitar a Janairun 2024 kan Fasto T.B. Joshua na Legas, inda tsofaffin almajiransa suka yi zargin fyaɗe da azabtarwa. Zargi ne, shi ya riga ya mutu tun 2021, ba a yi masa shari'a ba. Amma ku dubi tsawon shekarun da mutanen suka yi kafin su iya buɗe baki. A Kenya kuma, dajin Shakahola, a 2023, gawa sama da 400 aka tono na mabiyan wani mai wa'azi da ya ce su yi azumi har mutuwa.

Ummu_Khalil:
Sannu Saratu. Allah ya ba Mama lafiya. Dubi yadda salon yake ɗaya: ke an ce mayya, waccan an ce aljani. Da zarar an liƙa maka wannan, duk abin da ka faɗa ya zama hujja a kanka.

Ahlus_Sunna_KD:
Mu faɗi gaskiya, a cikin Musulmi tushen wannan bala'i ɗariƙu ne. Su ne suke koyar da cewa muridi a gaban shehinsa kamar gawa yake a hannun mai wanka. Wanda aka ce ya zama gawa ta yaya zai ce a'a?

Muridi_Unguwar_Sanusi:
Ɗan uwa ka ji tsoron Allah. Wannan magana a kan tarbiyyar zuciya aka yi ta, kuma shehunnanmu sun sharɗanta cewa shehin da ya saɓa wa shari'a ba a bin sa ko da yana tafiya a kan ruwa. Mai ruƙiyyar da aka ba da labarinsa a sama, wa ya ce maka ɗan ɗariƙa ne? Yawancin shagunan ruƙiyya da ke garin nan wa ke da su?

Ahlus_Sunna_KD:
Ruƙiyya sunna ce, wanda ya ɓata ta shi ya sani.

Muridi_Unguwar_Sanusi:
To haka ma tarbiyya.

Admin:
Malamai, a dakata haka. Ba muhawarar Izala da ɗariƙa aka buɗe ba. Duk wanda ya sake ja mu can zan goge.

Yaya_Bilki:
Na gode Admin, domin abin da ya same mu ba ta ɗariƙa ya zo ba. Ƙanena yaro ne mai natsuwa, ya shiga babbar makaranta ya haɗu da wasu samari masu wani malami da suke karatu a wurinsa. Da fari mun yi murna, ya riƙe salla, ya bar yawon banza. A hankali ya daina bin babanmu salla, ya ce ɗan bidi'a ne. Ya daina zuwa suna da biki. Wayarsa malamin yana dubawa. Ko aikin da ya samu sai da ya nemi izini, aka ce akwai cakuɗuwa da mata, ya bari. Matar da ya aura su suka zaɓa masa. Da wani abokinsa ya fita daga cikinsu, aka umarce su su ƙaurace masa, ko sallama kada a amsa masa, aka bi shi da sunan munafuki.

Ba a taɓa dukan ƙanena ba, ba a karɓi ko sisinsa da ƙarfi ba. Amma mutumin da na sani mai dariya da tsokana babu shi. In ka tambaye shi ra'ayinsa a kan ruwan sama ma sai ya ce bari ya ji me malam ya ce. Kullum cikin tsoro yake, yana ganin kuskure ɗaya zai jefa shi wuta. Wannan wane suna za a ba shi, kuma wace kotu za a kai?

Barista_Aliyu:
Yaya Bilki, tambayarki ita ce mai wuya. Doka tana kama abin da ake iya nunawa: duka, tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, damfara, fyaɗe. A Kaduna muna da dokar kare haƙƙin yara ta 2018, da dokar hana cin zarafin mutane ita ma ta 2018. A Satumban 2020 aka tsaurara hukuncin fyaɗe, wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 hukuncinsa dandaƙa da kisa. Ba a ware malami ko fasto a cikin waɗannan dokoki ba. Abin da aka yi wa 'yar uwar da Admin ya sa saƙonta laifi ne tsagwaronsa, kuma tana da damar kai ƙara. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa suna karɓar irin wannan koke.

Amma baligi da ya miƙa wuyansa da kansa, yana cewa shi ya zaɓa, kotu ba ta da hannun da za ta kamo shi. Sannan daga abin da nake gani a wurin aiki, shari'o'in da suka shafi malamai ba a kotu suke mutuwa ba, a zaure suke mutuwa. Dattawan unguwa za su zo, a kawo maganar zumunci da mutuncin addini, a ce yarinya ba za ta auru ba in magana ta fita. Uba ya janye ƙara. Malamin ya tattara ya koma wata unguwa ya buɗe sabuwar makaranta.

Sadiq_Kabala:
Shi ya sa nake ganin dokar tantance masu wa'azi da gwamnatin El-Rufa'i ta kawo a 2016 tana da amfani. Kowa ya sayi lasifika ya zama malam.

Barista_Aliyu:
Asalin dokar tun 1984 take, gyara aka kawo a 2016, majalisar jiha ta amince a 2019, kuma an sha jayayya a kanta har gaban kotu. Amma ita kan wa'azin fili ta fi mayar da hankali. Abin da muke magana a kai a ɗaki yake faruwa.

Abu_Hafsa:
Kuma ranar da gwamnati ta zama ita ke ba da lasisin wa'azi, malamin da ke faɗa mata gaskiya shi za a fara hanawa. Wannan ba mafita ba ce.

Na karanta labarin 'yar uwar nan, wallahi ya girgiza ni, Allah ya saka mata. Amma ina nan a kan tsorona. Na san wani malami a unguwarmu da aka yi wa ƙazafi saboda rikicin shugabancin makaranta. Kafin gaskiya ta fito an watsa hotonsa a Facebook, matarsa ta tafi gida, ɗalibai sun watse. Da aka gano ƙarya ce, waɗanda suka yaɗa ko mutum ɗaya bai dawo ya janye ba. Shi ma zalunci ne. In za a yi, a bi hanya: bincike, shaidu, hukuma.

Malam_Na_Kawo:
Wannan gaskiya ne Malam Abu Hafsa, ƙazafi babban zunubi ne, kuma ban goyi bayan shari'ar Facebook ba. Sai dai abin da zai kare malamin kirki daga ƙazafi shi ne dai zai kare ɗaliba daga mugun malami. Annabi (SAW) ya hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba, bai ce ban da malami ko mai ruƙiyya ba. Shi da kansa, yana i'itikafi, ya fito raka matarsa Safiyya da dare, wasu Ansaru biyu suka gan su suka ƙara sauri, ya tsayar da su ya ce Safiyya ce. Mafi tsarkin halitta bai ce ku yarda da ni kawai ba. To duk wanda ya ce sai an rufe ƙofa magani zai ci, a ɗauki mara lafiya a tafi. Ruƙiyya ma mutum yana iya yi wa kansa, da Fatiha da Ƙul huwallahu da Falaƙi da Nasi, ba sai an biya kowa ba.

Tsohon_Almajiri:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni a tsangaya na tashi, kuma malaminmu, Allah ya jiƙansa, uba ne. In ɗayanmu ya kwanta ciwo shi ke kwana a kansa. Don haka ina roƙo kada a yi wa makarantun allo kuɗin goro saboda gidajen mari. Ba abu ɗaya ba ne.

Amma akwai abin da na sani daga ciki. Abin da ya fi bulala tsoratar da almajiri shi ne a ce malam zai yi maka baki, karatunka ba zai yi albarka ba. Na ga yaran da wani gardi ya lalata, sun girma sun yi gemu, har yau ba su gaya wa kowa ba. Wani daga cikinsu ya sauke Alƙur'ani amma ba ya iya zama a inda ake karatun dare. Yaron da ubansa ya ajiye shi yana ɗan shekara bakwai ya ce malam ga amana, bai sake waiwayarsa ba sai shekara ta zagayo, in an cuce shi wa zai gaya wa? Wanda zai kai wa ƙarar shi ne mai ba shi wurin kwana.

DanRigasa:
Haka yake. Yaran gidan da na ba da labari ma, ana kawo musu ziyara, amma a gaban masu gidan ake ganawa. Wa zai yi magana?

Maman_Ilham:
Ni dai tun daga lokacin na canja yadda nake yi da yarana. In sun dawo daga Islamiyya ba na tsayawa a kan me aka biya muku. Ina tambaya wa ya dake ka, wa ya kira ki ofis, ke da wa. Kuma na gaya musu ko limamin Juma'a ne ya ce kada ku gaya wa Mama, to wannan maganar ita za ku fara gaya mini.

Ummu_Khalil:
Malam Abu Hafsa ya ce a bi hanya, bincike da shaidu da hukuma, kuma na yarda. To amma wace hanyar? Kwamitin makaranta ɗaliban malam ne. Kwamitin masallaci abokansa ne. Hedikwatar Jama'atu Nasril Islam a garin nan take, ƙungiyar Kiristoci ta CAN tana da reshe, kowace ƙungiya tana da majalisar malamai. Ina son in ga ranar da za a ce ga ofishi, ga mace a zaune a ciki, wadda matar da aka cuta za ta je ta faɗa mata ba tare da an fara tambayarta me ya kai ki ba.

Abu_Hafsa:
In malamai ne za su riƙe shi da kansu, ina goyon baya. In 'yan boko ne za su zo su yi wa malamai alƙalanci, ban yarda ba.

Fati_TudunWada:
In malamai kaɗai ne a ciki mun koma gidan jiya. A sa likita, a sa lauya, a sa mata.

Yaya_Bilki:
Ni dai har yanzu ina neman shawara a kan ƙanena. Babanmu ya ce a rabu da shi, ya cire shi daga cikin 'ya'yansa. Ni na kasa.

Nas_Hauwa:
Yaya Bilki, kada ki rabu da shi, kuma ki roƙi Baba ya sassauta. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna gaya wa mutum cewa danginsa maƙiyansa ne, to in kuka yanke shi kun gaskata musu maganarsu. Ki bar jayayya da shi a kan aƙida ko zagin malaminsa, zai ƙara ƙanƙame shi ne. Ki kira shi ki tambayi lafiyar matarsa, ki aika wa yaransa kayan salla, ki tuna masa abubuwan da kuka yi tare kuna yara. Yawanci mutum yana fara tunanin fita ne in wani abu ya faru a ciki wanda ya kasa haɗiyewa, kuma a ranar zai duba ya ga ko akwai gidan da zai koma. In ya fito kada ku yi tsammanin zai warware nan take. Wasu suna daɗewa da tsoro da jin sun yi ridda, wasu ma sukan yi sanyi da ibada na wani lokaci. A nan zai buƙaci malami mai sauƙin hali da zai zauna da shi, da kuma likita in barci da cin abinci suka gagara.

Malam_Na_Kawo:
Yaya Bilki, in Baba zai yarda, ki turo wa Admin unguwarku. Akwai dattijon malami da na sani wanda ya iya magana da iyaye a kan irin wannan, sai mu je mu gaishe shi tare. Baban za mu fara samu, yaron kuma a bar shi tukuna.